Me Za Ka Fara Yi?

Kafin ku zage ni, ku bari in kai ƙarshe. Na san akwai waɗanda tun ban gama ba za su fara rubuto min cewa na ci amana, kuma ba zan ce ƙarya suke yi ba. Ni ma tun jiya abin da nake faɗa wa kaina ke nan. Amma ku daure ku ji yadda aka yi, in ya so kowa ya faɗi son ransa.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, ni ce auta a gidanmu, kuma gyaran kwamfuta nake yi. Shekara uku da suka wuce na hau bene na biyu na wani dogon ginin shaguna, rungume da laftop ɗina da ta mutu ana saura sati ɗaya in miƙa aikin makaranta. Mai shagon ya karɓa, bai ko kwance ta ba. Ya danna, ya kara kunne, ya shinshina wurin da iska ke fita, ya ce, "Ba mutuwa ta yi ba, suma ce." Minti ashirin ta farfaɗo. Duk ginin Likita suke ce masa, har mahaifiyarsa ta bi sahu. Da na gama makaranta na koma na ce ya koya min aikin, ya ce mata ba sa jure ƙaurin dalma, na ce ya gwada ni. Shi ya koya min riƙon sukudireba, shi ya koya min jera sukurori a kan maganaɗisu yadda ba zan rasa gurbin ko ɗaya ba. Sauran abin da ya shiga tsakaninmu kuma ba a koyar da shi, shigowa yake ba sallama.

Matsalarmu Abba ne, ko in ce takarda. Abba tsohon ma'aikacin ofis ne, shekara talatin da biyar yana buga hatimi, kuma har yau bai yarda akwai abin da ya tabbata a duniya ba in ba a rubuce yake da sa hannu a ƙasa ba. A falonmu akwai kabad mai gilashi, babu kofi ko faranti a ciki, satifiket ne zalla, tun daga na firamaren Yaya har zuwa na wani taron bita na kwana biyu da ya halarta kafin a haife ni. Shi ya matsa min bara na zauna jarrabawar masu gyaran kwamfuta ta matakin farko, wadda kamfanoni ke nema kafin su ɗauki mutum. Na ci, ya kai takardar aka saka ta a firam. To ga ni nan, shekara biyu a sana'a ina da takarda, wanda ya koya min yana da shekara goma sha ɗaya ba shi da ko ƙyalle.

Abba ba ƙin Likita yake yi ba, wannan kam zan yi masa adalci. Cewa ya yi, "Yaron kirki ne, amma shago ba aiki ba ne. Yau a samu gobe a rasa." Shekara biyu yana haƙuri da mu. Sai ga wata dama, wani babban asibiti mai zaman kansa yana neman wanda zai kula musu da kwamfutoci. Shugaban sashen tsohon kwastoman Likita ne, ya ce masa ya kawo wannan takardar kafin Juma'a, aiki nasa ne, in Juma'a ta wuce kuma ba shi da yadda zai yi. Da Abba ya ji, sai shi ma ya rataya tasa maganar a kan ƙusa ɗaya. In an samu aikin, a kawo maganar aure. In ba a samu ba, Likita ya ja gefe ya ba wasu wuri. Wasun nan kuwa mutum ɗaya ne, ɗan Gwaggo mai aikin banki, wanda ban taɓa jin ya faɗi abin dariya ba tun da nake.

An saka wa Likita jarrabawa yau Laraba, ƙarfe huɗu na yamma. Jiya Talata da safe ina gaban madubi ina fama da allurar mayafi, na saka doguwar rigata mai ruwan toka wadda ba ta nuna ƙura, sai saƙonsa ya shigo. Hoton makin gwaji ne, irin wanda yake turo min kullum. Kashi casa'in da uku. A ƙasa ya rubuta, "Malama, ɗalibinki ya kusa ƙwace miki kujera." Shekaranjiya casa'in da ɗaya ya turo, kafin nan tamanin da takwas. Saba'in ake nema a ci. Na tura masa alamar tafi, na fito da farin cikina.

A falo na tarar da Abba da tabarau a kan hanci, rediyo na magana ƙasa ƙasa, Umma kuma tana guga a kan bargo a ƙasa don teburin gugarmu ya karye ƙafa tun watan jiya.

"Auta, zo nan."

Na durƙusa na gaishe shi.

"Gobe ne ko?"

"Gobe ne, Abba."

"Ke kin zauna wannan jarrabawar, kin san ciki da wajenta. Yau ki gwada shi da kanki, gwaji na gaskiya, ba na son rai ba. In kin dawo ki faɗa min ya shirya ko bai shirya ba."

"Abba, ai makinsa yana da kyau. Ko yanzu ya turo min."

"Ban tambaye ki abin da ya turo miki ba. Abin da idonki ya gani nake so."

Umma ba ta ɗago ba, ta dai ce, "Ka bar yarinya ta karya mana." Na san wannan muryar, ita ce iyakar taimakon da za ta iya yi min a gabansa. Ban iya shan shayin ba. A bakin ƙofa ta biyo ni da jakata, ta gyara min mayafi ta baya, ta ce a hankali, "Gwaggonki ta kira da asuba, wai tana tambayar lafiyarmu. Kin san dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Na ce mata bangonmu lafiya lau yake. A lokacin har zuciyata haka na yi zato.

Shagonmu taku biyar ne a tsaye, uku a kwance. Dogon tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasa wuya, kwalaye cike da caja da batir da matattun fankoki, sai laftop da aka jera a kanta kowacce da takardar mai ita manne a bayanta. Akwai wani fili a ƙarshen teburin da har yanzu idona bai saba da shi ba. Nan injin hura zafinsa yake zama, wanda yake ɗaga ƙananan kayan jikin bod ɗin cikin kwamfuta da shi. Sayar da shi ya yi ya biya kujerar jarrabawa, ya ce min in ya fara aiki zai sayi wanda ya fi shi. Tun ranar nake kauce wa kallon wurin.

Bai iso ba tukuna, ya biya karɓo kaya. Na kunna tsohuwar kwamfutar shagon don in buga sababbin tambayoyi, sai na ga shafin da yake gwaji a buɗe. Wallahi ba bincike na je yi ba, hannuna ne ya kai kan tarihin makin. Jerin tambayoyi ɗaya ne yake ta maimaitawa. Karon farko kashi arba'in da tara. Na biyu hamsin da bakwai. Haka yana hawa har karo na tara, casa'in da ukun da na yi wa tafi da safe. Na duba jerin baya, shi ma haka, ya fara da hamsin da ɗaya ya ƙare a casa'in. Duk wanda ya taɓa shirin jarrabawar nan ya san makin farko shi ne naka, sauran na hadda ne. A karo na tara ba tambayar kake karantawa ba, fuskarta kawai kake ganewa.

Na jawo kujera na zauna. Ban ce yaudarata yake yi ba, don na san shi. Shi kansa ya yarda da makin nan, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan.

Na buga tambayoyi ɗari daga wani jeri da bai taɓa gani ba, amsoshin na bar su a wayata. Ƙarfe goma sha ɗaya ya shigo da kwali a kafaɗa da wata leda a hannu, yana fara'a.

"Malama ta riga ɗalibi."

"Ajiye kayan. Yau ni ce mai sa ido. Minti casa'in, ba waya, ba magana."

"Ikon Allah. Wai yarinyar da ta taɓa saka batir a juye."

"Sau ɗaya ne, kuma ka yafe."

"Na yafe, ban manta ba."

Ya zauna a kan kujerar roba, ya ɗauki biro. Ku da kuka san Likita a bakina kawai, ina ma kun taɓa ganin hannunsa a kan aiki. Yana ɗaga abin da bai kai ƙwayar gero ba da ɗan hantsaki, ko motsi yatsansa ba ya yi. Jiya na ga hannun nan yana ta juya biro, ya rasa inda zai ɗora shi a kan takarda. Yana karantawa leɓensa na motsi, ya kai ƙarshen tambaya ya koma farko, don Turancin nasu mai murɗiya ne. Na kau da kai na kama goge wani bod da bai da datti.

Ana cikin haka wata malamar makaranta ta shigo a firgice, laftop a hannu, ta ce sakamakon ɗalibanta duka yana ciki kuma allon ya ƙi kawo komai. Na ce ta bari zan duba. Likita bai ɗago ba ya ce, "Danna in ji." Na danna, laftop ɗin ta yi wani ɗan kuka sau uku. Ya ce, "Ram ne. Cire ki goge bakinsa da magogin fensir, ki mayar." Na zare ɗan siririn katin daga cikinta, na goge na mayar, allon ya kawo haske. Malamar ta yi ta sa albarka har ta sauka bene. Shi kuwa yana nan a tambaya ta talatin da biyu, ya haɗa gumi, rabin lokaci ya tafi.

Da minti casa'in suka cika, saura tambaya goma sha huɗu bai taɓa ba. Ya ce a ranar ai zai ƙara sauri. Na ɗauki takardun na koma bakin taga na juya masa baya, ina dubawa ina saka ɗan ɗigo a gefen duk wadda ya faɗi. Na ƙirga sau biyu, na sake na uku ko Allah zai sa na yi kuskure. Hamsin da huɗu.

Abin da ya fi ci min rai, yawancin waɗanda ya faɗi ba don bai sani ba ne. Na jawo kujera kusa da shi.

"Duba wannan. An kawo maka kwamfuta tana mutuwa da kanta bayan minti goma. Me za ka fara yi?"

"Zafi ne. Ka buɗe, ka share fanka, ka canza man kan firosesa. Ga shi nan na zaɓa."

"Amsar ita ce ka tambayi mai ita ko an canza wani abu kwanan nan."

Ya kalle ni kamar na zage shi.

"In tambaye shi? Shi da ya kawo min don bai sani ba?"

"Ba su ce me zai gyara ta ba. Cewa suka yi me za ka fara yi. Da farko. Kalmar nan ita ce tarkon."

"To in na tambaye shi ya ce bai canza komai ba, sai me?"

"Sai ka buɗe ka share fanka."

"Ashe dai fankar ce."

"Fankar ce, amma ba ita suke tambaya ba."

Na nuna masa wata. Kafin ka taɓa cikin kwamfuta, me ya kamata ka fara? Ya zaɓi cire sukurori. Su kuwa so suke ka cire wuta, ka ɗaura igiyar nan ta wuyan hannu mai kwashe wutar jiki. Ya yi dariya ya nuna ƙusar bango inda tamu take rataye da makullin banɗaki a jikinta.

"Shekara sha ɗaya ban ƙona ko ɗaya ba. Ina taɓa ƙarfen tebur kafin in fara, ke ma haka na koya miki."

"Na sani. Amma gobe ba shagonka za ka shiga ba, shagonsu ne. Yadda littafi ya jera, haka suke so."

"Wanda ya rubuta littafin nan ya taɓa zama da kwastoma a kansa yana cewa sauri yake?"

Haka muka yi ta yi. Duk inda aka ce da farko, shi ƙarshen yake gani, don idonsa ya riga ya wuce matakai huɗu ya isa ga ciwon. Abin da ya sa ake ce masa Likita shi ne yake kayar da shi. Ga kuma lambobin da sai an zauna an haddace, saurin kowace irin igiya, yawan ƙafafun kowane soket, waɗanda yake ganewa da ido tun daga bakin ƙofa amma bai taɓa damuwa da sunayensu na littafi ba. Wannan ba gyaran dare ɗaya ba ne. Ni da na fito daga makaranta da ɗumina sai da na yi wata biyu.

Wayata ta yi ƙara. Yaya ce daga gidanta.

"Ya ake ciki? Umma ta ce Abba ya naɗa ki alƙali."

Na rubuta, "54."

Ta daɗe tana rubutawa tana gogewa, sannan ta turo, "Innalillahi. Ki faɗa masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ba zan iya ba."

"To ki bari ya shiga ya faɗi, Abba ya ji. Kin san Abba da kalmar faɗuwa."

Na sani. In aka ce an ɗaga jarrabawa, akwai bakin roƙo, ko da aikin asibiti ya tafi. In aka ce ya faɗi, a wurin Abba an buga hatimi. Ga shi babu wani injin da ya rage a sayar a sake biyan kujera. Dokar masu jarrabawar kuma ita ce ana iya ɗaga rana matuƙar akwai saura awa ashirin da huɗu, wato zuwa ƙarfe huɗu na jiya. Na leƙa shafinsu a ɓoye, gurbi na gaba sai bayan sati uku. Gaba kura, baya sayaki. Agogon bango ya nuna uku da kwata.

Na shirya maganata tsaf. Zan ce masa hannunsa ya fi na duk wanda zai zauna a ɗakin nan, amma takarda ba ta ganin hannu, ya ba ni sati uku in zauna da shi. Na buɗe baki ke nan ya jawo ledar da ya shigo da ita.

"Tsaya ki ga wani abu."

Sabuwar riga ce, fara mai dogon hannu, har da kwalin wuyanta ba a cire ba. Mutumin da ban taɓa gani da rigar da ba ta da tabon dalma ba.

"Ta gobe ce. In na ci kuma da ita zan je gaida Abba." Ya shafa ta ya mayar a leda. Sannan ya ce, "Kin san rabona da zama gaban takarda? Shekara goma sha huɗu. Jarrabawar fita sakandare. Da sakamako ya fito, Baba, Allah ya jiƙansa, ya duba ya ninke ya ba ni, ya ce in je in nemi abin da kaina zai iya ɗauka. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗan ma da ya fi min sauƙi."

Bai taɓa faɗa min wannan ba, shekara uku.

"Duk wanda ya ce min Likita, sai in ji kamar da wani yake. Ke kaɗai ce in kika ce na iya nake yarda." Ya ɗago ya kalle ni. "Nawa na ci, Malama?"

Masu karatu, ni ba jaruma ba ce. Na sha zagin matan labari da ke yin shiru a inda ya kamata su yi magana, ashe ban san kaina ba. Na kalli idonsa, na kalli ledar, na ji bakina ya ce, "Saba'in da takwas."

"Da gaske?"

"Da gaske."

"Duk da sha huɗun da na bari?"

"Duk da su."

"To na shirya ke nan?"

"Ka shirya."

Ya rufe fuska da tafin hannu, ya sauke wata ajiyar zuciya da na ji ta har cikin ƙirjina. Ya ce, "Alhamdulillahi. Da kin ce ban shirya ba, wallahi da ɗagawa zan yi, ko me zai faru ya faru." Na ninke takardun na tura can ƙasan jakata. Ya ba ni ƙofa a buɗe da bakinsa, ni kuma na riga na rufe ta, kuma na kasa cewa ƙarya na yi.

Aka kira la'asar. Ya saka wayarsa a caji a kan tebur, ya naɗe hannun riga, ya fita yana tsokanar mai shagon kusa da mu cewa daga gobe sai ya cike fom kafin ya gan shi. Na bi bayansa da kallo har ya sauka. Huɗu saura kwata.

Ni na yi masa rajista tun farko, don haka shafinsa a buɗe yake a wayata. Na shiga. Na fita. Na tashi na zagaya shagon, taku biyar, na dawo. Na ce wa kaina wa ya sani, ko gobe tambayoyin su zo masa da sauƙi, mutane nawa suka shiga da ƙasa da haka suka fito. Na sake ce wa kaina ƙarya kike, tsakanin hamsin da huɗu da saba'in ba sa'a ba ce, karatu ne. Na hango shi gobe cikin farar riga yana kallon allon da ke nuna sakamako nan take, shi kaɗai, babu wanda zai riƙe shi. Na hango fuskar Abba. Ban hango abin da ya kamata in hango ba, wato in sauka bene in tsaya a ƙofar masallaci in jira shi in faɗa masa gaskiya, ko da saura minti biyu ne.

Huɗu saura minti huɗu na zaɓi ranar bayan sati uku. Shafin ya tambaye ni ko na tabbata. Na danna.

Wayarsa ta yi haske a kan tebur. Saƙon imel ne, kansa ya fito ɓaro ɓaro, an canza ranar jarrabawarka. Na san lambobin buɗe wayar, kuma ba zan ɓoye muku ba, hannuna ya kai rabin hanya don in goge. Sai na tuna in na goge, gobe zai saka rigar ya tafi, a ƙofa za a mayar da shi. Na janye hannuna na zauna. Agogo ya buga huɗu, ya wuce.

Ya shigo da sauran damshin alwala a gemunsa, da ruwan sanyi gora biyu, ya ajiye min ɗaya.

"Na yi miki addu'a, Malama. Na ce Allah ya ba ki ɗalibai masu ƙwaƙwalwa irin tawa."

Ya ɗauki wayar. Na ga murmushin yana nan a fuskarsa har ya kai tsakiyar saƙon, don a hankali yake karatu. Ya koma farko. Ya kalli agogo. Ya fara cewa, "Kuskure suka yi, bari in kira," sai idonsa ya sauka a kaina, ya tsaya.

"Ke ce?"

Na gyaɗa kai.

"Nawa na ci?"

"Hamsin da huɗu."

Na jira ya yi faɗa. Na so ya yi, ya buga tebur, ya ce min duk abin da ya zo bakinsa, in samu abin riƙewa in yi kuka. Sai ya jawo kujera ya zauna, ya kifa wayar.

"Aikin ya tafi ke nan."

"Zan roƙi Abba. Sati uku ne kawai, zan zauna da kai kullum, na rantse za ka ci. Tsoro na ji kada ka shiga ka..."

"Da kin faɗa min, da ni zan danna da hannuna. Da in na je gaban Abbanki zan ce na duba kaina na ga ban isa ba tukuna, ya san da namiji yake magana." Muryarsa ko tashi ba ta yi ba. "Yanzu me zan ce masa? 'Yarka ta duba ni ta ga ban kai a faɗa min gaskiya ba?"

Wayata ta fara ruri a cikin jaka, na leƙa, Abba ne. Ta yi ta yi ta katse. Likita ya miƙo hannu, na zaci wayar yake so ya yi magana da shi, har na ji wani ɗan sanyi a raina.

"Makullin shago," ya ce.

Na ciro tarin makullaina. Zoben ya ƙi buɗuwa, farcena ya karye, idona ya cika ban ma ganin abin da nake yi. Ya karɓa, ya saka bakin ƙaramin sukudireba, ya zare nasa cikin daƙiƙa ɗaya, ya miƙo min sauran da hannu biyu kamar yadda yake miƙa wa kwastoma kayansa.

"Ki gaida gida," ya ce.

Ina kan matattakala ta uku wayar ta sake ruri. Na tsaya, na share fuskata da gefen mayafi, na ɗauka.

"Auta," in ji Abba, "ina jin ki. Ya shirya?"